Ƙanina ya aiko da fuskar shawa daga Amurka, ta ƙi hawa kan abin da aka binne a bango

Baban Ummi, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin aikin famfo ku taimaka mini da shawara. Yau kwana shida ke nan aikin banɗakina a tsaye. Mai tayil har ya kwashe kayan aikinsa ya tafi wani aiki a Ogba, ya ce in neme shi ranar da muka gama rigimarmu ni da mai famfo.

Gidana wajen Oko-Oba yake, ba bene ba ne, tsoho na saye shi. Banɗakin ɗakin baƙi tun da na shigo ban taɓa shi ba. Tsohon fayif ɗin ƙarfe ne a ciki, irin wanda in ka buɗe da asuba ruwa ke fara fitowa ja kamar shayi kafin ya washe. To Hajiyarmu za ta zo daga Funtuwa ta zauna wurinmu na ɗan lokaci saboda ganin likitan gwiwa, ita kuwa ko da bazara ba ta wanka da ruwan sanyi. A gida jikoki ne ke dafa mata su sirka su kai mata. Na ce a nan ba zan yarda ana yawo da tafasasshen ruwa a tukunya daga kicin zuwa ɗaki ba, ga ƙananan yara suna guje-guje a tsakar gida. Sai na sa aka fasa komai, aka ja sabon fayif na PPR, koren nan da ake narka bakinsa a haɗa, aka ɗaura hita mai cin lita 30.

Da nake ba ƙanina da ke Amurka labari a waya, sai ya ce Yaya kada ka sayi shawa, ni zan aiko, wannan gudummawata ce ga Hajiya. Ya turo hoto, baƙa wuluk, kyakkyawa, irin wadda komai nata ke cikin bango, hannu ɗaya kawai ake gani. Na ce madalla.

Kafin saƙon ya iso, mai famfona ya ce ba zai iya jira ba, dole a binne mikisar, wato abin da ke haɗa ruwan zafi da na sanyi, kafin a yi filasta. Dattijo ne Bayerabe, ya daɗe yana mini aiki, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Na ba shi kuɗi ya je wani shago ya sayo wani dunƙulen ƙarfe mai baki huɗu, ba suna a jikinsa, ba kwali, ba takarda. Ya ce ya gaya wa mai shagon cewa fuskarmu tana hanya, mai shagon ya ce ai duk ɗaya ne, kowace fuska za ta hau, har ya rage masa kuɗi tunda ba da fuska zai ɗauka ba. Aka binne, aka shafe da siminti, aka yi tayil a bango uku. Bango na huɗu, wanda shawar take, tayil ya taso har ya zo daidai ƙasan abin.

Ranar Asabar saƙo ya iso. Muka buɗe kwalin a falo kamar ana buɗe lefe. Akwai wani faranti baƙi mai faɗin faifai, da hannu, da lanƙwasasshen fayif na sama, da kan shawa mai faɗin tire, da dogayen kusoshi biyu. Baba mai famfo ya ɗauki farantin ya kara a bango. Hudojin kusoshin suna nan, amma abin da ke cikin bango ba shi da inda kusa za ta kama. Hannun kuma da aka zura shi kan sandar sai ya riƙa juyawa a banza, bai kama komai ba. Ya juya, ya sake juyawa, ya cire tabarau ya goge, ya ce mini ba matsala. Wai zai huda tayil ya kafa farantin da kusar bango, ya bi gefensa da silikon, hannun kuma ya kai wa mai walda a cike ramin a sake fafe shi daidai sandar.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin akwai wani abu da ake sayarwa mai haɗa fuskar wani kamfani da cikin wani? Ko in sa ƙanina ya aiko da na cikin bangon? Ko in haƙura da kyautarsa in nemo fuskar da ta dace da wanda aka riga aka binne? Fasa bangon nan shi ne abin da nake gudu.

Mai Famfo, Idi-Araba

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kawo ta lafiya.

Kafin komai, ka dakatar da Baba, kada ya huda tayil ɗin nan. Ba raina shi na yi ba, amma abin da yake shirin yi gyaran gangar Auzinawa ne.

Mikisar cikin bango kashi biyu ce: uwar da ake binnewa, da fuskar da ake gani. Mutane suna ɗaukar fuskar kamar murfin soket ɗin wuta, wanda kowanne ka sayo zai hau. Ba haka abin yake ba. Tazarar kusoshi, tsawon sandar da hannu ke kamawa, yawan haƙoran da ke kanta, faɗin wuyan da robar tare ruwa ke zama, har inda hannu zai tsaya in an murɗa shi ɓangaren zafi, duk tare aka auna su a kamfani ɗaya. Kai ko a kamfani ɗaya ma ba kowace fuska ke hawa kowace uwa ba. Moen na Amurka suna da Posi-Temp, suna da Moentrol, fuskar wannan ba ta aiki a kan wancan. Delta sun yi wata uwa mai suna MultiChoice da fuskokinsu da dama ke hawa, amma nasu kaɗai. Na Jamus ma haka ne. Grohe suna da Rapido SmartBox, Hansgrohe suna da iBox. Sunan ya yi kama, amma kamfani biyu ne daban, kayan wannan ba ya shiga na wancan. In ka ga an rubuta a kwali cewa uwar ta kowace fuska ce, ana nufin kowace fuska ta cikin gidansu.

Saboda haka abin haɗa na wani da na wani babu shi. Abin da ake samu shi ne ƙarin tsawo, in an binne uwa ta yi zurfi da yawa, shi ma na kamfanin da ya yi ta ne.

Neman fuskar wannan da aka binne kuwa, tunda ba suna ba lamba, sai dai ka yi ta yawo shago-shago da hoto a waya. Ko ka dace ka samu, ranar da zuciyarta ta lalace, wato katirij ɗin da ke ciki, za ka sake shiga wannan yawon, lokacin kuma ruwa yana zuba.

In ƙaninka zai aiko da uwar, akwai tarkon da ya kamata ka sani. Mu a nan tiredin Ingila muke aiki da shi, BSP, wato yankan haƙoran bakin fayif da ake murɗawa a ɗaure. Na Amurka NPT ne. A rabin inci dukansu haƙori 14 ne a kowane inci, shi ya sa yake yaudarar ma'aikata: zai kama, ya yi zagaye biyu ko uku, sai ya cije. Amma yankan haƙorin ba ɗaya ba ne, namu digiri 55, nasu 60, kuma nasu yana tsukewa zuwa baki. Sai a naɗa farin tef da yawa a ɗaure da ƙarfin tsiya. Ranar ba ɗigo ko ɗaya, kowa ya tafi yana murna. Bayan wasu watanni fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara kumbura yana ɓarewa. In dai za a aiko, a haɗo da soket na tagulla mai juya NPT zuwa BSP, ɗaya ga kowane baki.

Ka duba mini abu biyu. Akwai katirij a cikin kwalin? Don wasu kamfanonin tare da fuska suke sa shi, wasu tare da uwa. Sannan tankinka, tsayinsa nawa daga kan shawar, kuma akwai injin turo ruwa ko babu?

Baban Ummi, Agege

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya saka da alheri. Na kira Baba na ce ya dakata. Bai ji daɗi ba, amma ya dakata.

Na zazzage kwalin kaf, babu wani katirij, sai wata 'yar takarda mai zane-zane. Da na natsu na duba sai na ga ashe a gefen kwalin ma an rubuta da ƙananan haruffa cewa na cikin bango daban ake sayensa, har da lambarsa. Ƙanina shi ma bai lura ba, hoton ya gani ya biya. Ya ce zai saya, amma mai tahowa na gaba sai nan da mako biyar. Hajiya kuwa saura kwana goma sha biyu.

Tanki kuma, ni da babban ɗana muka ɗauki awo bayan la'asar, shi ya hau. Yana kan ƙafar ƙarfe a bayan gida, lita 2,000. Daga gindinsa zuwa inda kan shawar zai tsaya bai wuce mita biyu da rabi ba. In ya cika ka ƙara kamar mita ɗaya da rabi. Injin da muke da shi na cikin rijiyar burtsatse ne kawai, mai kai ruwa sama. Daga tanki zuwa gida ruwa da kansa yake gangarowa.

Injiniya Ɗan Zazzau, Ikorodu

To Alhaji, wannan awon da ka yi ya canja maganar gaba ɗaya. Ko yau aka sauke maka uwar a ƙofar gida, da duk soket ɗinta, shawar nan ba za ta yi maka abin da ka gani a hoto ba.

Lissafin ba wuya. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da abin da ake kira bar ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa. Kai kana da mita biyu da rabi zuwa huɗu, wato tsakanin 0.25 da 0.4, tun kafin a cire abin da fayif da gwiwoyi ke cinyewa a hanya. Gidajen Amurka ruwan gwamnati ne ke shigo musu da ƙarfi, galibi wajen bar 3 zuwa 4, ninkin naka kusan goma. A kan wannan aka ƙera kayansu. Har doka gare su da ta hana kan shawa ya zubar da fiye da lita 9.5 a minti ɗaya, don haka akwai wata 'yar roba a wuyansa mai matse ruwa. Ka haɗa wannan matsi da ruwanka marar ƙarfi da kai mai faɗin tire: ruwan zai taru a tsakiya ya riƙa tsiyaya kamar indararo bayan an ɗauke ruwan sama.

Akwai kuma rashin daidaito. Ruwan sanyi kai tsaye yake zuwa. Na zafi sai ya bi ta bawul ɗin da ke bakin hita, ya shiga, ya fito, kafin ya iso ya gaji. A cikin mikisa mai ƙarfi ke danne marar ƙarfi, shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga an ɗan taɓa hannu kaɗan ruwa ya koma sanyi ƙalau, an dawo da shi kaɗan ya koma wuta. Ga tsohuwa wannan ba abin wasa ba ne. Maganinsa mikisa mai daidaita zafi da kanta, wadda ke da maɓallin tsaro a digiri 38, ba ta wucewa sai an danna shi da gangan. Amma yawancinsu ba sa aiki yadda ya kamata sai da ƙarfin da ya kai bar ɗaya ko fiye.

Ke nan kana bukatar ƙaramin injin ƙara ƙarfi, mai tashi da kansa in an buɗe famfo. Inda za a sa shi ne abin lura. Kada a sa shi a layin zafi kaɗai ko na sanyi kaɗai, a sa shi kafin inda fayif ya rabu ya nufi hita, don duka biyun su zo da ƙarfi ɗaya. Kuma tunda ka ce gidan tsoho ne, ni ba zan sa shi a bakin tanki ya tura wa gida duka ba. Sauran fayif ɗin ƙarfen da ke binne shekara da shekaru tsatsa ce ke riƙe da su, ranar da suka ji ƙarfi za ka san inda kowanne ya ruɓe. A ja wa wannan banɗakin layinsa daban daga tanki, da fayif mai milimita 25 ko 32. Mai 20 ɗin nan da ake yawan sawa, ramin cikinsa wajen milimita 13 zuwa 16 ne kawai. A sa matata kafin injin, don yashin burtsatse shi ne babban mai kashe katirij.

Na Mile 12

Alhaji duk wannan lissafi na mene ne? Bokiti da kofi ba su taɓa neman katirij ba, ba su san Nepa ta ɗauke ba. Allah ya kawo Hajiya lafiya dai.

Maman 'Yan Biyu, Ajah

Salamu alaikum. Baban Ummi, ni ba ma'aikaciya ba ce, amma na sha wannan wahalar a gidana, bari in faɗi nawa.

Mu ma ta cikin bango muka sa lokacin da muka tare, don ni na nace, na gani a wani otal ta burge ni. Shekara biyu ba a cika ba ta fara ɗiga ta bayan farantin. Ruwan wajenmu kowa ya san shi, ga gishiri ga ja, farin kaya ma sai ka yi da gaske. Aka kira mai gyara ya buɗe, ya ce katirij ne, ya tafi da shi kasuwa kwana biyu bai samo irinsa ba. Ƙarshe sai da aka fasa. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, tayil ɗin ne. Irinsa ya ƙare a kasuwa, an daina kawowa. Yanzu haka a tsakiyar bangon akwai guda shida da launinsu ya ɗan fi sauran duhu, kullum na shiga sai idona ya sauka a kansu. Don haka ko me za ka yi, ka sayi kwali ɗaya ko biyu na tayil ɗin nan ka ajiye tun yana nan.

Baƙin launi kuma a hoto yake da kyau. Da ruwan burtsatse, in ya bushe sai ya bar fari-fari kamar an watsa alli, kullum kana cikin gugewa, kuma ba ya son soson ƙarfe ko sabulu mai kaifi.

Amma ni abin da na ga ba wanda ya taɓo shi ne Hajiyar kanta. Kun tambaye ta? Mahaifiyata ta yi wata huɗu a wurina bayan an yi mata aiki, ko sau ɗaya ba ta tsaya ƙarƙashin shawar sama ba. Mai ciwon gwiwa a zaune take wanka. Kuma iyayenmu mata ba sa son ruwa ya sauko musu a ka ba shiri, balle in an yi sabon kitso. Abin da ya yi mata amfani shi ne shawar hannu mai igiya, da kujera, da famfon ƙasa da za ta tara bokiti ko ta cika buta ta yi alwala da ruwan ɗumi. Wannan faranti da ƙaninka ya aiko, daga bayaninka hanya ɗaya gare shi, sama kawai. Ko ya hau daidai, ba ita aka yi wa ba.

Ni da a ce ni ce, ta waje zan sa, wadda ake gani a jikin bango. Ta lalace, noti biyu za a kwance a sa wata, ba mai taɓa tayil.

Mai Famfo, Idi-Araba

Hajiya Maman 'Yan Biyu ta gama magana. Injiniya ma gaskiya ya faɗa, sai dai in ƙara da cewa injin nan da wuta yake aiki, ranar da babu wuta an koma ruwan tanki, don haka famfon ƙasa dole ne.

Alhaji, da na tambaye ka tun farko ko bulon bangon inci shida ne ko tara, da na ƙara maka wani dalilin. Akwatunan cikin bango na kamfanonin kirki suna son zurfin kamar milimita 75 zuwa sama da 100, daga fuskar tayil. Bulo mai inci shida milimita 150 ne, kuma cikinsa rami ne. Kana sara ka faɗa ramin, abin da ya rage a baya ɗan siririn ɓawo ne. Na sha ganin inda guduma ta leƙa ɗakin kwana.

Ga yadda zan yi in aikina ne. A cire layin tayil na sama, a tono wancan dunƙulen a fitar da shi. Kada a bar shi a ciki a ce za a toshe, abin da ba a san asalinsa ba ba a barinsa cikin bango da ruwa a jikinsa. A fito da baki biyu masu tiredin tagulla na rabin inci, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 150 cif, a kan layi ɗaya, a sa ma'aunin magina mai ruwa a ciki a tabbatar sun daidaita. Wannan awon kusan duk mikisar waje da ake sayarwa a ƙasar nan a kansa take, shi ya sa ba ta da rigimar da ka shiga. Tana zuwa da wasu karkatattun soket biyu masu gyara ɗan kuskure, amma kaɗan suke gyarawa. Bakunan su tsaya daidai fuskar tayil, kada su nutse. Zafi a hagu, sanyi a dama, in kana fuskantar bango. A mikisa ta gargajiya in an juya su ruɗani ne kawai, amma mai daidaita zafi in aka juya mata ba za ta yi aiki ba sam, sai ta riƙa ba ka wuta ko ƙanƙara.

Wajen saye, ka je da kanka, ku tafi da Baba. Kasuwar Odunade da ke Coker, tsakanin Orile da Mile 2, nan ne cibiyar kayan banɗaki, akwai mai kyau akwai na banza, duk suna ƙyalli iri ɗaya. Ka ɗaga ka ji nauyi. Ka leƙa cikin bakin tiredin: tagulla rawaya ce, in ka ga toka-toka tutiya ce aka shafa wa ƙyalli, ita ce ke ruɓewa ta karye a wuya. Ka sa a buɗe kwalin a gabanka a ƙirga komai. Ka tambayi katirij ɗinta, in mai shago ya ce ba ya lalacewa, ka wuce shago na gaba. In ya ɗauko maka, ka sayi ɗaya ka ajiye tare da takardar.

Kafin mai tayil ya dawo, a toshe bakunan, a kunna injin, a bar layin cike da ruwa kwana ɗaya cur ba filasta a kai. Ka shimfiɗa busasshiyar takardar siminti a ƙarƙashin kowane haɗi. Hita kuma a tabbatar an ja masa wayar ƙasa da makunninsa daban a wajen banɗaki.

Baban Ummi, Agege

Jama'a na dawo da bayani, ku yi haƙuri da shiruna, kwanakin nan ban zauna ba.

Bulon inci shida ne Malam. Da aka tono abin sai ga shi ta baya saura ƙiris, har ana jin rediyon ɗakin yara ta ramin. Tayil tara aka cire, huɗu suka fita lafiya, biyar suka fashe. Allah ya taimake ni akwai ragowar kwali ɗaya da rabi, na kuma ƙaro ɗaya saboda maganar Maman 'Yan Biyu, yana ƙarƙashin gado yanzu.

Mun je Coker ni da Baba ranar Talata, muka bi ta Oshodi, cunkoso ya cinye mana safiya. A hanya bai ce mini uffan ba, har yanzu yana jin haushin an ce mutanen waya sun fi shi sani. Amma da muka shiga kasuwar sai ga shi shi ne ke ɗaga kaya yana leƙa bakinsu yana ajiyewa, shago huɗu muka wuce kafin ya yarda da ɗaya. Muka ɗauki ta waje mai daidaita zafi, fara, mai baki a ƙasa na tara bokiti da shawar hannu mai igiya. Injin ma mun sa, a layin banɗakin kaɗai, da matatarsa.

Gwajin nan na kwana ɗaya har na so in tsallake shi don lokaci ya ƙure. Da safe na shiga da tocila, takardar da ke ƙarƙashin gwiwar layin zafi ta jiƙe, wuri kamar faɗin tafin hannu. Haɗin bai narke daidai ba ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yanke ya sake. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Ƙanina ne dai sai da na lallashe shi. Na ce masa kayansa suna nan cikin kwalinsu a saman wadirob, in na tashi gyaran nawa banɗakin zan turo masa lambar uwar da ta soket ɗin, ya aiko gaba ɗaya kafin a sari bango.

Hajiya ta iso ranar Lahadi da daddare. Washegari Maman Ummi ta shiga da ita ta nuna mata komai, ga ja ga shuɗi, ga maɓallin da ba a dannawa. Ta saurara har aka gama, ta ɗaga shawar hannun ta jujjuya ta mayar, ta ce a kawo mata bokiti da kujerarta. Na Mile 12, kada ka yi dariya. Bokitin dai daga bakin mikisar take cika shi, da ɗuminsa daidai, ba wanda ya ɗora tukunya.

Saura abu ɗaya. Tana dafa bango in za ta miƙe, tayil ɗin kuma da santsi in ya jiƙe. Ina son a kafa mata ƙarfen riƙewa a gefen kujerar, amma bangon nan na ga cikinsa, rami ne. Malam Mai Famfo, wace irin kusa ce za ta riƙe nauyin mutum a bulo mai inci shida, kuma ta yaya za a huda ba a taɓa fayif ɗin da muka binne ba? Na ɗauki hoton layin kafin a rufe, in zai yi amfani.